Jita ba mawaƙi: mene ne wannan kiɗa mai farawa da raɗa ya ƙare da tsawa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma na yi kusan shekara biyu ina koyon jita da kaina. Kwanakin baya ina karatun dare sai YouTube ya kawo mini wani kiɗa na wajen minti 15. Na yi ta jiran mawaƙi ya shigo, har aka gama babu wanda ya buɗe baki. Ya fara a hankali kamar ba za a ji shi ba, can sai ya cika kunne kamar hadari ya taso. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an rubuta cewa jita ce, ni kuwa tawa ba ta taɓa yin irin wannan kukan ba. Wane irin kiɗa ne wannan, me ya sa ba sa waƙa, kuma mai jitar lantarki ta gwanjo irina zai iya yin sa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka jero, amma idan aka duba da kyau gindinsu ɗaya ne, wato wane aiki ya rage wa jita bayan an ɗauke mawaƙi daga gabanta. A yawancin kiɗan da muka saba ji jita 'yar rakiya ce, tana tafe bayan murya tana riƙe mata hanya, idan mawaƙi ya tsaya shan iska ta ɗan nuna gwaninta, ya dawo ta koma gefe. Abin da ka ji a daren nan kiɗa ne da aka gina shi kacokan a kan jitar da ta daina rakiya, kuma bisa yadda ka siffanta shi, da tsawonsa da yadda ya taso daga ƙasa, kusan babu shakka abin da masu shi ke kira post-rock ne. Da wannan sunan za ka neme shi.

Sunan ya bazu ne daga alƙalamin wani marubucin harkar kiɗa ɗan Ingila, Simon Reynolds, a 1994, lokacin da ya yi sharhin faifan Hex na ƙungiyar Bark Psychosis ta Landan a mujallar Mojo, daga baya kuma ya faɗaɗa bayanin a mujallar The Wire cikin shekarar. Abin da yake nufi shi ne makaɗan da suka riƙe kayan kiɗan rok, wato jita da ganguna da bes, jitar nan mai kaurin murya, amma suka juya su zuwa wani aikin da ba na rok ba, inda launin sauti da kaurinsa da laushinsa suka fi muhimmanci a kan karin da mutum zai iya bi da fito. Kamar yadda aka saba, jariri ya riga sunansa zuwa duniya. Ƙungiyar Talk Talk ta Ingila, wadda ta fara da waƙoƙin rediyo masu shiga kasuwa, ta fitar da Spirit of Eden a 1988 da Laughing Stock a 1991, faifai biyu da shiru ya mamaye fili mai yawa a cikinsu. A 1991 ɗin kuma wasu samari daga birnin Louisville na jihar Kentaki a Amurka, masu suna Slint, suka fitar da Spiderland, suka watse tun kafin faifan ya shiga kasuwa, sai daga baya ya zama karatun farko ga duk mai son wannan hanya. Ka lura cewa duka waɗannan akwai murya a cikinsu. Barin waƙa gaba ɗaya ya zama ruwan dare ne a hannun waɗanda suka biyo baya: Tortoise a Shikago, Mogwai da aka kafa a Gilasgo a 1995, Explosions in the Sky a Teksas da Mono a Tokiyo, dukansu biyun a 1999.

Akwai kuma wata jijiya da ta girmi waɗannan, ta masu gwaje-gwaje da jita. A 1973 Robert Fripp da Brian Eno sun ɗora zaren kaset ɗaya a kan rikoda biyu, ta farko tana ɗauka ta biyu tana maido mata abin da ta ɗauka bayan 'yan daƙiƙu, ta yadda mutum ɗaya zai riƙa shimfiɗa sauti a kan sauti har ya zama kamar taron makaɗa. A birnin New York kuwa Glenn Branca da Rhys Chatham sun riƙa tara masu jita da yawa a dandamali ɗaya, har Branca ya jagoranci jita 100 a 2001, domin su ji irin amon da ke haifuwa a sarari idan tsirkiyoyi masu yawa suka yi kuka tare, amon da babu ko ɗaya daga cikin makaɗan da ya kaɗa shi da hannunsa.

Me ya sa ba sa waƙa

A nan ne nake ganin kunnenmu ke fara samun cikas, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Mu a wurinmu ko kiɗan da babu waƙa a cikinsa magana yake yi. Kalangu yana kiran suna, take kuwa kirari ne da aka zuba a fata, wanda ya san shi yana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya ko da babu mai furta su. Saboda haka idan Bahaushe ya ji kiɗa zalla, abin da zai fara tambaya shi ne me ake cewa. To wannan kiɗa ba ya cewa komai, kuma babu wani baiti da aka ɓoye a ƙarƙashinsa wanda masana suka sani kai ba ka sani ba. Muddin kana jiran saƙo cikin kalmomi, minti 15 ɗin nan za su zame maka zaman jiran motar da ba ta taso ba.

Abin da ya maye gurbin baiti da amshi abu biyu ne, lokaci da ƙarfin sauti. Bari in bi da kai ta cikin irin ginin da ka ji. Jita ɗaya za ta fara da ɗan kari na sauti huɗu ko biyar, tana maimaita shi ba tare da sauyi ba, sau takwas, sau goma sha shida, har kunnenka ya haddace shi ya daina kula da shi. A daidai lokacin da ka daina kula, sai jita ta biyu ta shigo daga sama da wani kari da ya sarƙe da na farko, bes kuma ya sauya gindin sautin a ƙarƙashinsu, ta yadda karin nan da bai motsa ba zai zo maka da wata fuska dabam, ɗazu yana kama da natsuwa yanzu yana kama da kewa. Mai ganga har yanzu bai buga ba, yana dai shafa farantansa na ƙarfe. Da ya fara bugun a hankali, kowa sai ya ƙara ƙarfin hannu kaɗan-kaɗan, ba a gudu kuma ba a tsayawa, har a kai inda mai saurare ya san wani abu yana tafe amma bai san yaushe ba. Gwanintar duka tana cikin tsawaita wannan jiran. Tsawar da ta biyo baya, wadda ka kwatanta da hadari, ba don ƙararta kaɗai ta girgiza ka ba, ta girgiza ka ne saboda an yi minti goma ana rage maka sauti har kunnenka ya buɗe. Da an fara maka da ita tun daga daƙiƙar farko, hayaniya kawai za ka ji.

Wani dalilin kuma shi ne murya tana janye hankali zuwa ga mutum ɗaya, yawancin waɗannan ƙungiyoyi kuwa sun fito ne daga al'adar makaɗan da ke ƙyamar tauraro. Misali mafi bayyana shi ne Godspeed You! Black Emperor ta birnin Montiriyal a Kanada, wadda aka kafa a 1994. Sukan hau dandamali su takwas ko tara, da jita uku da goge irin na Turawa da masu ganga biyu, wasunsu a zaune cikin duhu, hasken da ke wurin na majigin da ake haskawa a bayansu ne kawai. Idan suna son muryar ɗan'adam sai su ɗauko ta daga titi, mai wa'azi ko wani dattijo yana tuna zamanin da ya wuce, su ɗora a kan kiɗan. Sigur Rós ta ƙasar Aisilan ta bi wata hanyar, akwai mawaƙi amma a faifansu na 2002 ya rera ne da sautukan da ba na kowane harshe ba, muryar ta zama kayan kiɗa kamar sauran.

Ka ce YouTube ne ya kawo maka shi, ba rediyo ba, kuma hakan yana da dalili. Gidan rediyo yana son abu na minti uku ko huɗu mai amshi, kiɗan da zai cinye sulusin awa babu ko kalma ba shi da gurbi a can. Shi ya sa wannan harka ta rayu a bayan fage, a hannun ƙananan kamfanonin faifai irin su Kranky da Thrill Jockey a Shikago, da Temporary Residence, da Constellation a Montiriyal. Faifan farko da Constellation ta fitar wa Godspeed a 1997 kwafi 500 aka fara bugawa, an haɗa bangonsa da hannu, kuma a cikin kowane kwafi akwai kwabon Kanada da jirgin ƙasa ya taka ya baje. Zamanin saurare ta intanet bai sauƙaƙa musu ba, domin Spotify tana ƙirga saurare ne da zarar an wuce daƙiƙa 30, ko kiɗan na minti uku ne ko na 20, ka ga mai dogon kiɗa ya yi aikin shida an biya shi ladan ɗaya. Abin da ke riƙe da yawancinsu shi ne yawon wasa, da sayar da faifai kai tsaye ta shafin intanet na Bandcamp, da kiɗan fim, wanda ya dace da su sosai tun da ba su da kalmomin da za su yi gogayya da maganar 'yan wasa. Mogwai ne suka yi kiɗan fim ɗin nan na 2006 da aka bi Zidane da kyamarori tsawon wasa guda, kuma sai a 2021, bayan shekara 25 suna abu ɗaya, faifansu ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Yadda jita ke yin wannan kukan

Yanzu ga abin da na san ya fi damunka. Amsar a taƙaice ita ce e, jitarka ta gwanjo za ta iya, matuƙar tana riƙe ɗauri kuma wuyanta bai karkace ba. Na shafe shekaru ina aikin ɗaukar sauti da haɗa shi, kuma abin da na sha gani shi ne matasa suna ɗora laifi a kan jita alhali rabin sirrin a hannu yake, sauran rabin a 'yan akwatunan da ake takawa da ƙafa, waɗanda ake kira feda.

Mu fara da hannu, tun da shi ba ya cin kuɗi. Abin da ke sa kunne ya gane cewa jita ce shi ne ɗan ƙwas ɗin nan na farko lokacin da aka taɓa tsirkiya. Ka rufe maɓallin murya na jikin jitar gaba ɗaya, ka kaɗa tsirkiya, sannan ka buɗe maɓallin a hankali da ƙaramin yatsanka. Ƙwas ɗin ya ɓace, abin da ya rage sauti ne da ya taso daga babu kamar na goge ko sarewa. Dabara ta biyu ita ce kaɗa tsirkiya ɗaya sama da ƙasa da sauri ƙwarai, da sakin wuyan hannu ba da ƙarfin damtse ba, har bugun ya narke ya zama dogon layi mai rawa. Wannan shi ne kukan nan mai tsini da kake ji a ƙololuwar kiɗan Mono da Explosions in the Sky. Wasu kuma sukan ajiye 'yar robar kaɗawa gaba ɗaya: mai jitar Sigur Rós da baka irin na goge yake goga tsirkiyoyinsa, masu jitar Godspeed sukan goga ƙarfen sukundireba a kansu, akwai kuma wata 'yar na'ura mai batir, EBow, da ta shigo kasuwa a 1976, wadda ke sa tsirkiya ta yi ta girgiza da ƙarfin maganaɗisu ba tare da an taɓa ta ba. Ka gwada kuma sassauta tsirkiya mafi kauri daga E zuwa D, ka bar ta tana gurnani a sake yayin da kake yawo a kan sirara.

A ɓangaren feda, idan kuɗinka na ɗaya ne kacal, ka sayi mai maimaita sauti, wato mai amsa-kuwwa. Ita ce ƙashin bayan wannan kiɗa, kuma tsohuwar Boss DD-3, wadda jinkirinta ke kaiwa milisakan 800, wato kashi 800 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta isa ta koya maka duk abin da kake buƙata. Lissafin saita ta mai sauƙi ne. Ka raba 60,000 da yawan bugun da kiɗanka ke yi a minti ɗaya, idan bugu 100 ne ka sami milisakan 600 ga kowane bugu. Idan ka saita fedar a kan kashi uku cikin huɗu na wannan, wato 450, maimaicin zai riƙa faɗawa a tsakankanin abin da hannunka ke kaɗawa, sai sauti huɗu su zama kamar takwas, mutum ɗaya kamar biyu. Bayanta sai mai ƙara amon ɗaki, wadda ke sa a ji kamar a cikin wani makeken zaure kake, sannan mai kausasa sauti irin Big Muff domin lokacin tsawa. Jerin da aka fi bi shi ne jita, mai kausasawa, mai maimaitawa, mai amon ɗaki, sannan amfilifaya, wato akwatin lasifikar da ke ƙara wa jita murya. Idan ka juya jerin ka sa mai amo a gaban mai kausasawa, komai zai dunƙule ya zama bango guda, kuma akwai masu neman hakan da gangan. Wanda ba shi da feda ko ɗaya zai iya ɗaukar jitarsa a kwamfuta ya gwada duk waɗannan a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, duk da cewa jin abu a ƙarƙashin yatsa lokacin da kake kaɗawa daban yake da ƙara shi daga baya.

Bari in ba ka labarin kuskurena, domin na tabbata shi za ka fara yi. Karon farko da na ɗauki irin wannan kiɗa, ni da abokai uku a wani ɗaki da muka jingina katifu a bangonsa, na buɗe amon ɗaki har ƙarshe a kan jita biyun duka, na ƙara wa bes, na ɗan yayyafa wa ganga. Muna kaɗawa muna jin kanmu kamar a sararin samaniya. Washegari da na kunna, sai na ji wani abu kamar kunu, babu gaba babu baya, karin da muka kwana uku muna gyarawa ya nutse ba a ko jin kansa. Abu na biyu da ya fi ba ni kunya shi ne mun kai ƙarshen ƙarfinmu tun a minti na uku, sauran minti shida muka yi ta bugu a wuri ɗaya ba inda za mu hau. Da muka sake, sai na bar jita ɗaya a bushe kusa da kunne, na tura ɗayar can nesa cikin amo, na hana bes amo sam, mai ganga kuma muka roƙe shi kada ya taɓa babbar gangarsa sai an wuce rabi. Nan take fili ya buɗe. Nisa ba ya jiyuwa sai akwai abin da ke kusa da za a auna shi da shi.

Akwai matsalar da za ta same ka fiye da yadda take samun makaɗin Gilasgo, ita ce gurnanin wuta. Wannan kiɗa rabinsa shiru ne, kuma fedar maimaitawa ba ta bambance sautin jita da ƙugin da ke biyo waya, duka za ta ninka maka. Gidan da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, ko wutar ƙaramin janareta, ko caja mai arha, kowannensu zai cika maka shirun da zuuu. Ka yi amfani da batir mai bolt 9 a fedarka lokacin ɗauka, ka cire kwamfuta daga caji, ka nisanci fitila mai dogon ƙwai da fanka, sannan ka riƙa juyawa a kan kujera da jitar a hannu har ka sami fuskar da ƙugin ya fi raguwa. Ka kuma kula da kunnenka, domin masu wannan kiɗa sun yi suna wajen ƙara. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne kada a wuce awa takwas a cikin ƙarar da ta kai 85 a awon ƙarfin sauti da ake kira desibel, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, ka ga a desibel 100 minti 15 ne kawai. Haɗarin a nan shi ne za ka ƙara murya don ka ji farkon mai laushi, ka manta, tsawa ta same ka da abin saurare a cikin kunne.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba, wannan salo yana da rami, kuma da yawa sun faɗa ciki. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 aka sami ɗaruruwan ƙungiyoyi masu bin tsari ɗaya, laushi, hawa, tsawa, sauka, har mutum kan iya duba agogo ya faɗi inda ganga za ta shigo. Idan aka san lokacin da hadari zai zuba, to ya zama famfo. Manyan cikinsu ma, har da Mogwai da Tortoise, ba su taɓa son a liƙa musu sunan post-rock ba. Ni dai na fi karkata ga waɗanda ke iya ƙin ba ka tsawar gaba ɗaya, irin Labradford da Stars of the Lid, waɗanda kiɗansu ke tafiya kamar hazo ba ganga ko ɗaya, amma na san wannan ɗanɗanona ne na mutumin da ya gaji da ƙara a wurin aiki, kuma saurayi mai jini a jika yana da haƙƙin ya so tsawarsa.

Wataƙila wani zai ce maka ai wannan shi ne jitar Agadas. Ba shi ba ne. Kiɗan su Mdou Moctar da Bombino yana da waƙa da Tamashek, yana da tafi da rawa, kuma a gidan biki ya girma. Inda suka haɗu shi ne a maimaita kari ɗaya a kan gindin sauti da ba ya motsi, da kuma masu saurare, domin ƙananan kamfanonin Amurka irin su Sublime Frequencies da Sahel Sounds ne suka fara kai jitar Nijar ga irin mutanen da ke sayen faifan post-rock. Amfanin wannan gare ka shi ne kunnenka ya riga ya saba da maimaici, abin da yakan gundiri wasu masu koyo.

Iyakar abin da zan iya yi maka daga nesa ke nan, domin ban riƙe jitarka ba, ban ji amfilifayarka ba, kuma rubutu ba ya gyara hannu. Idan tsirkiyoyinta sun yi tsatsa ka sauya su kafin ka kashe ko sisi a kan feda, idan kuma ɗaurinta yana zamewa bayan minti biyar ka kai ta wurin mai gyara, saboda maimaici yana tona asirin tsirkiyar da ta kauce fiye da kowane irin kiɗa. Bayan haka ka zaɓi sauti huɗu, ka saita agogo a kan minti biyar, ka kaɗa su kaɗai daga mafi laushin da hannunka zai iya zuwa mafi ƙarfi, ba tare da ka ƙara sauri ba. Ka ɗauka a wayarka ka saurara. A gwajin farko kusan kowa yakan ƙure ƙarfinsa kafin minti biyu, kuma yakan yi gudu ba tare da ya sani ba. Ranar da ka kai minti na huɗu da sauran ƙarfi a hannunka, ka turo mini abin da ka ɗauka mu duba maganar jita ta biyu.